Amsa: yadda za a rage gudun ababen hawa a cikin gari

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tunda aka shimfiɗa muku kwalta a ƙauyenku na wajen Ringim 'yan acaɓa da motocin kasuwa ke tsala gudu a gaban gidaje, kana tambaya ko ku tara ƙasa ku yi tudu da kanku.

Don Allah kada ku yi irin tudun nan mai tsini kamar kunyar gona. Na ga wanda ya kayar da mai babur da dare a garinmu, har yau yana ɗingishi. Tudun rage gudu na ƙwarai tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, amma a shimfiɗe yake, faɗinsa kusan mita uku da rabi, mota ta hau a hankali ta sauka a hankali. A shafa masa fenti fari ko rawaya, a kafa alama kafin a iso shi. Guda ɗaya ba ya isa, direba na wuce shi zai sake take wuta, sai an jera su.

Abin da aka fi mantawa kuma shi ne faɗin titin. Titi miƙaƙƙe mai faɗi shi ke jan ƙafar direba. A matse shi a gaban makarantar allo da masallaci, a dasa darbejiya a gefe, a bar wa yara da mata masu zuwa rijiya hanyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda mutane ke cuɗanya da motoci kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa.

Ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ku rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a turo injiniya ya auna wurin, ya bar wa ruwan damina mafita.