Ƙanwata mai tambayar kayan gudu, kada ki sayi rigar robar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da kika rubuto jiya da daddare, kin ce likita ya ce ki rage jiki saboda hawan jini, kina son fara gudu da safe amma ba ki san abin da za ki sa da abin da za ki riƙa ba, kuma wata ta ba ki shawara ki sayi rigar nan ta roba mai sa zufa wai don kitse ya narke da wuri. Wallahi ina zuwa wurin rigar nan gabana ya faɗi, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Da abin na kwana a raina. Don girman Allah kada ki saya. In ma kin riga kin saya, ki ninke ta ki jefa ƙasan akwati, asarar kuɗin ta fi sauƙi.

Ni ma abin da aka faɗa min ke nan. A watan Maris na 2022 ne, an gama gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAN) ba da jimawa ba, hanyoyin wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya a nan Garwa sun yi kyau, kowa ya shiga motsa jiki, azumi kuma saura 'yan kwanaki. Bayan haihuwata ta huɗu jikina ya buɗe sosai, in na ɗan hau tudu sai haki. Na shiga kasuwa wurin masu gwanjo, takalmi kaɗai na je nema. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya jawo wata riga da wando baƙaƙe daga ƙasan tebur, masu santsi kamar rigar ruwa, da roba a wuya da hannu da ƙugu ta yadda iska ba ta da ƙofar shiga. Ya ce, “Hajiya, sati biyu kawai, da ƙafarki za ki dawo ki yi min godiya.” Ya ce kada in sha ruwa kafin in fita, kada in sha ina cikin gudu, wai ruwa yana mayar da kitsen da ya narke. Ya ce in bari sai rana ta ɗaga, aikin ya fi ci. Na ƙirga sefa 8,000 na ba shi, kuɗin adashena ne da na ɗauka a satin.

Ranar farko da ta biyu na dawo da ciwon kai, na ɗauka alamar aiki ce. Na hau sikeli na ga na ragu, har na yi murna. Rana ta uku na raka yara makaranta, na bar ƙaramar wurin maƙwabciyata, na fita wajen ƙarfe tara. Rigar robar a ciki, na ɗora dogon hijabina baƙi har ƙasa. Ba ruwa, ba waya don kayan ba su da aljihu, ba katin ɗan ƙasa, ko sefa ɗari babu a jikina. Kun san ranar Garwa a watan Maris, ba sai na faɗa ba. A zagaye na biyu sai na ji sanyi yana kama ni a tsakiyar wannan zafin, tsigar jikina ta tashi. Kunnuwana suka toshe, harshena ya zama kamar tsumma a baki, kwalta ta fara yi min lilo. Na hangi inuwar wata bishiyar dogon yaro, na ce bari in kai can in zauna. Ban kai ba.

Abin da na fara ji shi ne ruwa a fuskata da muryar wata tsohuwa tana salati. Mai fanke ce a bakin hanya, ta bar kaskonta a kan wuta ta rugo. Ita ta ɗaga hijabin ta ga abin da ke ciki, ta sa wuƙarta ta farke rigar daga wuya har ciki. Daga baya ta ce min da ta yanke robar hannun, zufa ce ta zubo kamar an tuntsurar da kofi. Ina buɗe ido na ga ƙafafun mutane sun kewaye ni, samari uku ko huɗu sun ɗaga waya suna ɗauka. Na ji wani da kunnena yana cewa, “Matar aure da gudu a titi, ai ga irinta nan.” Ana tambayata da Fulatanci, ana tambayata da Faransanci, ana tambayata da Hausa, ke wace ce, ina gidanku, ba mu lambar mijinki. Lambar da na haddace shekara goma sha ɗaya, wallahi ko lamba ɗaya ban iya tunawa ba. Bakina yana motsi, magana ba ta fita. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin tsoro, a ce kina garinku, unguwarku ba nisa, amma babu mai iya cewa 'yar gidan wane ce.

Tsohuwar ce ta tsayar da mai moto, wato ɗan acaɓa, aka sa ni a tsakiya ta riƙe ni ta baya har asibiti. Leda uku ta ruwa aka ƙara min. Maigida bai san inda nake ba sai bayan azahar, ya zaga gidan iyayena a Yelwa, ya zaga gidan yayata, jaririyata tana ta tsala kuka tana neman nono. Ma'aikaciyar da ta sa min ruwan ta ɗaga ragowar rigar ta ce, baiwar Allah, zufa ruwa ce da gishiri, ba kitse ba ce. Abin da kika gani ya ragu a sikeli ruwan jikinki ne, kina sha zai dawo. Ta ce jiki yana huce zafi ne in zufa ta bushe a kan fata, to na rufe fatar da roba, zafin ina zai bi? Ta ce irin wannan yana taɓa ƙoda, yana kuma kisa.

Da na warware na koma wurin mutumin nan. Ba kuɗina na je karɓa ba, so nake ya daina faɗa wa mata su bar shan ruwa. Ko kallon kirki bai yi min ba. Ya ce ni ce ban iya amfani da ita ba, mata nawa suka saya ba su faɗi ba, kuma kaya in ya bar rumfa ba ya dawowa. Maƙwabtansa suna dariya. Na tsaya a wurin hawaye yana zubo min kamar yarinya. Har yanzu in na bi layin ina ganin rigunan a rataye, sai in kau da kai in canja hanya. Na ce na bar shi da Allah, amma gaskiya zuciyata ba ta huce ba. Bidiyon samarin nan kuma ya yi yawo har ya faɗa hannun dangin mijina. Ƙanwarsa ta zo har ɗakina ta ce na zubar musu da mutunci, ba ta ko tambayi jikina ba. Shekara guda cur ban sake sa takalmin gudu ba saboda wannan maganar.

To ƙanwata, ki sa abin da iska za ta ratsa. Ni yanzu dogon wando nake sawa mai sakin jiki, irin yadin rigar 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, fara ko ruwan toka. Sutura ta cika, ba wanda zai ce komai. Auduga tana da daɗi da farko, amma in ta sha zufa sai ta yi nauyi ta manne tana gurzar fata. Hijabi kuma ƙarami mara nauyi wanda ya tsaya a ƙirji, wanda ake zurawa ba sai da allura ba. Dogon nan har ƙasa yana harɗe ƙafa, kuma iska tana iya kai shi cikin tayar moto. Kada ki yi wasa da rigar nono, ki nemi ta motsa jiki mai kamewa sosai, balle in kina shayarwa, ki ba yaro ya sha kafin ki fita. Tsakanin cinya da ƙarƙashin hannu ki shafa man kaɗanya, in ba haka ba wurin zai saluɓe, ranar da ruwan wanka ya taɓa shi za ki tuna da maganata.

Tunda kin ambaci hawan jini, ki koma ki tambayi likitan wane magani ya ba ki. Akwai masu sa yawan fitsari, su kuma suna rage ruwan jiki tun kafin ki fara zufa. Ki gaya masa gudu za ki fara. Kuma kada ki fara da gudu ma, ki yi sati biyu kina tafiya da sauri, sannan gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a hankali.

Takalmi ba sai sabo ba, gwanjo ma yana yi, amma ki juya ƙasansa ki duba. In dunduniyar ta cinye ta gefe guda, ko kin matsa katifar kin ji ta mutu, ki bar shi. Ki je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki gwada da safar da za ki riƙa sawa, ki tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Nawa na farko ya matse ni, farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Silifa da takalmin roba na makaranta ba na gudu ba ne, gwiwa ce za ta biya.

Ni dai yanzu ina idar da sallar asuba nake shiri, gari yana fara wayewa na fita, kafin bakwai na dawo. Daga Maris zuwa Mayu in bakwai da rabi ta yi ban fita ba, na haƙura da ranar. Ina shan kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin in fita, in ci dabino uku, in riƙe ƙaramar gora ta rabin lita ina kurɓa. Ranar da na yi zufa sosai, in na dawo ina haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara masu zawo: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma ke da hawan jini, wannan ma ki tambaya tukuna. Ki riƙa duba fitsarinki, in ya yi ja kamar shayi ruwa bai ishe ki ba. Da kin ji jiri, ko tashin zuciya, ko sanyi cikin zafi irin wanda na ji, ki tsaya nan take ki nemi inuwa ki jiƙa kanki da wuyanki. Kada ki ce bari in ƙarasa zagayen.

Masu cewa gudu ba na matar aure ba ne kuwa, su je su tambayi labarin Sarah Etonge. Uwar 'ya'ya bakwai ce, ta ci tseren hawan dutsen Kamaru a Buya har sau bakwai, dutsen da ya haura mita 4,000. A ƙasar nan take, ba a Turai ba. Kuma waɗanda suke zagin, in ciwon sukari ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ke, ba su za su yi jinyarki ba. Ki dai nemi yardar maigidanki ku fahimci juna, nawa shi ya sayo min takalmin da na koma da shi, Allah ya saka masa.

Abin da ba na fita ba tare da shi ba yanzu shi ne 'yar jakar ƙugu, a ƙarƙashin riga take, ba a ganinta. A ciki akwai waya, da kwafin katina na ɗan ƙasa, da sefa 1,000 a canji na moto da ruwa, da wata takarda da na naɗe a leda na rubuta sunana, unguwarmu, lambar maigida da ta yayata. Ke ki ƙara da cewa kina da hawan jini da sunan maganinki, ki rubuta da Faransanci don ma'aikatan asibiti. Kada ki ce ai lambar tana cikin waya, wayar a kulle take, wa zai buɗe? Ki cire sarƙa da 'yan kunnen gwal ki bar su gida. Ki bi hannun hagu kina fuskantar motoci don ki ga mai zuwa, masu moto da sassafe wasu ko fitila ba su kunnawa. Abin kunne kuma ki bar shi, ko ki sa ɗaya kawai. In kare ya biyo ki kada ki ƙara gudu, ki tsaya ki koma tafiya a hankali. Lokacin hunturu in hazo ya sauko sosai har ba a ganin ƙetaren gadar Binuwai, ni ba na fita, ƙurar tana tayar min da tari, sai in yi tsalle-tsallena a tsakar gida. Da azumi kuwa sai bayan buɗa baki.

Kuma kada ki fita ke kaɗai a farkon nan. Mu huɗu ne muke fita yanzu, Litinin da Laraba da Asabar, dukkanmu matan aure, ɗaya ma ta yi jika. In kina Garwa ki yi magana a nan ƙasa, za mu biyo ta unguwarku mu ɗauke ki. Tsohuwar nan mai fanke har yanzu tana wurinta, duk ranar Asabar muna tsayawa mu gaishe ta, za ki gan ta.