Tambayoyinku Kan Fasaha: Yadda Za a Kwashe Waƙoƙin Tsoffin Fayafayai Zuwa Kwamfuta

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana kwali biyu na fayafayan garmaho, wasu tun na shekarun 1970. Na kunna ɗaya, na ɗora wayata gaban lasifika na naɗa, amma sai ƙaras-ƙaras ke tashi. Wace manhaja ce za ta gyara min? Daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan baba. Ɗan'uwa, babu manhajar da za ta gyara wannan. Abin da ka naɗa ba waƙa ba ce kaɗai, har da fanka, da kukan akuya, da janaretan maƙwabta. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ke ci min rai shi ne ka ɗauko faifan da ya shekara hamsin yana shan ƙurar hunturu, ka ɗora masa allurar da ba ka san shekarunta ba. Waƙar tana kwance ne cikin wani siririn zane da ya kewaye faifan, ya fi gashin kai ƙanƙanta a wasu wurare. Allurar da ta cinye, idan ta haɗu da ƙura, kankare zanen take yi, kuma abin da ta kankare ya tafi ke nan har abada. Wasu fayafayan mawaƙanmu ba a sake buga su ba, mai yiwuwa naka na cikin 'yan kaɗan da suka rage. Don Allah ka dakata da kunnawa.

Fara da wanki. Tataccen ruwa, ɗigon sabulun wanke kwano ɗaya, da ƙyalle mai laushi. Ka bi zagayen zanen, kar ka tsallaka shi, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka jingina shi ya bushe a inuwa. Na taɓa ganin kwalin fayafayai da aka jibge a kwance cikin sito mai rufin kwano; da bazara ta wuce, na saman sun lanƙwashe kamar tasa. A tsaye ake ajiye su, kamar littattafai.

Sannan ka sayi sabuwar allura. Ka guji 'yan garmahon nan masu kama da akwati da ake tallatawa da arha, suna danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye, alhali allura mai kyau wajen giram 2 take buƙata.

Naɗi kuma ta igiyar da ke haɗa garmaho da kwamfuta ake yi, ba ta iska ba. A nan ne mutane ke faɗuwa. Lokacin yanka faifai ana rage amon ƙasa, a ƙara na sama, don waƙar ta samu shiga. Tsarin RIAA ke nan, tun 1954. Dole a samu ƙaramar na'urar da za ta mayar da sautin yadda yake ta kuma ɗaga shi. Tsohuwar amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO tana da ita a ciki. In babu, Behringer UFO202 ta wadatar, ko garmaho mai USB irin Audio-Technica AT-LP120XUSB. A kwamfuta ka sa manhajar naɗin sauti ta Audacity, kyauta ce, ita nake amfani da ita kullum. Ka saita 44.1 kHz, ka bar ma'aunin sauti yana tsayawa wajen -6, kar ya taɓa ja. Ka naɗi fuska guda baki ɗaya, wajen minti 20, daga baya ka yanka waƙa-waƙa. Wajen cire ƙaras-ƙaras kar ka cika hannu, in ka matsa sai muryar kalangu ta tafi tare da dattin.

Ina jin wani gurnani "huuum" a ƙarƙashin waƙar. Daga Maraɗi.

Siririyar wayar nan da ke lilo bayan garmahon ba ado ba ce, Malam. Ɗaure ta a kusoshin GND na amfilifaya. In bai daina ba, cire cajar laftof ka naɗa da batir.

Yayana ya aiko min garmaho daga Amurka, na sa masa taransifoma, amma mawaƙan suna jan murya kamar masu jin barci. Daga Kumasi.

Hajiya, taransifoma ƙarfin wuta kawai ta gyara. Wutar Amurka 60 Hz ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50, kuma injin wasu garmaho da bugun wutar take auna gudunta, shi ya sa yake tafiya da kashi biyar cikin shida na saurinsa. A canza ɗan gurun da bel ke hawa zuwa na 50 Hz. Irin wannan garmaho kuma kar a naɗa da shi a kan janareta.

Ina da fayafayai masu nauyi da aka rubuta 78 a jiki.

Waɗannan ba roba ba ne, fashewa suke kamar tangaran. Allurarsu daban ce, ta fi kauri. Kar sifirit ya kusance su, narkar da su yake.

MP3 zan ajiye ko me? Wuri ya yi min kaɗan.

Asalin naɗin ka ajiye shi a tsarin fayil na FLAC. Minti ɗaya na WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, yana cin wajen MB 10, FLAC kuwa kusan rabin haka ba tare da asarar komai ba. Daga shi ka fitar da MP3 don waya da mota. Kwafi biyu, a wuri biyu, kuma tura wa kanka a WhatsApp ba ya cikin lissafi.