Wayon kare da hankalin mutum: amsa ga Yaya

Yaya, ka ce ka ji wai a nan Ingila ana ɗaukar kare tamkar ɗa, har ana cewa hankalinsa ya kai na yaro, kana son ka ji ko mu Hausawan da muka zauna a nan mun bi sahu. Ba mu bi ba. Duk gidajen 'yan'uwa da nake shiga, ban taɓa tarar da kare a falo ba. Amma kallon da muke yi wa dabbar ya sauya, ni ma nawa ya sauya.

Karen jagora ne ya fara sa ni na daina raina su. Tun 1931 ake horar da karnuka a ƙasar nan su zama 'yan jagoran makafi, kuma dokar 2010 ta hana direban tasi ya ƙi ɗaukar makaho saboda karensa. Wasu daga cikinmu tuƙi ne sana'arsu, da farko abin ya yi musu nauyi ƙwarai. Sai ka zauna kusa da irin wannan kare za ka gane dalilin dokar. Har ƙin bin umarni ake koya masa: ubangidansa ya ce a tsallaka titi, shi kuwa ya hango mota, sai ya cije ya ƙi motsi. Na ga haka da idona, kuma jikina ya yi sanyi.

Maganar yaro kuwa tana da tushe. Stanley Coren, wani farfesa a Kanada, shi ya yaɗa cewa kare na gama-gari yana gane kalmomi da alamu kusan 165, wato kamar yaro ɗan shekara biyu zuwa biyu da rabi. A Amurka an yi wata karya mai suna Chaser wadda ta san sunayen kayan wasa 1,022. Kafin ita akwai Rico a Jamus, wanda a 2004 aka nuna cewa in an ambaci sunan da bai taɓa ji ba, sai ya je ya ɗauko abin da yake baƙo a cikin kayan da ya sani. Wannan wayo ne, babu musu.

Sai dai ni kwatancen bai kwanta mini ba. Ɗan shekara biyu a hanya yake, baɗi war haka zai ishe ka da "don me?" Chaser ta rayu shekara 15, ta mutu a 2019, ba ta taɓa tambayar kowa komai ba. Ɓawon ƙwaƙwalwar kare yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 530, na mutum kuwa biliyan 16. Kare ba ya ba da labarin jiya, ba ya ƙulla alkawarin gobe.

Inda ya yi fice shi ne karantar mutum. A 2002 wani mai binciken halayyar dabbobi, Brian Hare, da abokan aikinsa suka nuna cewa in ka ɓoye abu ka nuna wurin da yatsa, kare ya fi birin cimfanzi gane nufinka, duk da cewa birin ya fi shi ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Dubban shekarun da kare ya yi a gindin mutum ne suka koya masa kallon fuska da hannu. Wannan baiwar ce take ruɗar maƙwabtanmu. In kare ya sunkuyar da kai sai su ce ya san ya yi laifi, alhali wata mai binciken halayyar karnuka, Alexandra Horowitz, ta gwada a 2009, ta ga ko bai yi komai ba, da zarar an yi masa faɗa zai sunkuyar. Tsawar yake amsawa, ba laifin ba. Hanci kuwa ba a magana: ƙwayoyin sunsuna na wasu karnukan sun kai miliyan 300, namu kamar miliyan 6.

To yaya muke yi da su? Muna koya wa yaranmu kada su jefi kare, kada su ruga in sun gan shi, kada kuma su shafa wanda yake bakin aiki. Malamanmu suna tuna mana aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da horarren kare ya kamo, da kuma cewa a Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Duk da haka ba mu zama baki ɗaya ba. In karen maƙwabci ya sunsuni tufa, akwai mai wucewa masallaci abinsa, akwai mai komawa gida ya sake riga. Ni har yanzu ina cikin masu komawa, ɗana kuwa ba ya komawa.