Spider-Man 2 na 2004, a saya ko a bari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko faifan gem ɗin Spider-Man 2 na 2004 da ka gani a kasuwar Sabon Gari ya cancanci kuɗinka. Ka saya, in dai na na'urar gem ta PlayStation 2 (PS2) ne. Lilo da zaren gizo-gizo da kamfanin Treyarch, masu yin wasan, suka tsara har yau yana burge ni: sai zaren ya kama jikin gini kafin ka yi shillo, ba kamar wasan Spider-Man na 2002 ba da zaren ke maƙalewa a iska. Ina tuna yadda muke cika ɗakin gem a Samaru, kowa na jiran layinsa, burinmu kawai mu hau ƙololuwar dogon benen Empire State na birnin New York a cikin wasan mu diro, mu harba zare dab da ƙasa.

Sai dai ƙananan ayyukan cikin gari suna gundura. Yaro ya saki balan-balan ka kamo masa, wani na reto a gefen bene ka sauko da shi, haka za ka yi ta maimaitawa. Kuma kada ka ɗauki na kwamfuta, wani wasa ne daban da aka sauƙaƙa, babu wannan lilon a ciki. Ka sa mai shago ya gwada faifan kafin ka biya, tsofaffin nan sun sha karce.