Hirar bakin ƙofa a Sabon Zangon Akra: amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata ka koma Katsina lafiya, ka tarar da su Inna da yara cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, kuma na jinkirta amsawa da gangan, don tambayar da ka yi ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce kwana tara ka yi tare da mu lokacin biki, kullum bayan la'asar kana zaune a kan bencin ƙofar gida, amma ba ka ji ana zancen komai ba sai kwanon rufi da kwata, sai NDC da NPP, manyan jam'iyyun siyasar Gana, sai inda za a kai yara yawon Sallah. Ko sau ɗaya ba ka ji an ambaci labarin Najeriya ba. Sai ka tambaye ni, cikin ladabinka, ko mun manta da gida ne.

Ban ji haushi ba ko kaɗan, ba kai ne farkon wanda ya tambaya ba. Amma ka fara sanin wannan: unguwar da ka kwana a cikinta ta haura shekara 100 da kafuwa. Malam Baƙo ne ya kafa ta a filin da ya samu daga hannun mutanen Ga, masu garin, kuma mahaifinsa Malam Na'ino daga Katsinar taku ya fito. Kakanmu ya biyo hanyar goro ya zo, ya yi aure, ya mutu a nan. Tsofaffinmu ma ba Akra suke ce wa garin ba, Ankara suke cewa. Ni a nan aka yanke mini cibiya, a nan aka binne Baba. Idan muka ce gida a kan bencin nan, to gidan da ke bayanmu muke nufi, wanda bangonsa ke taɓa kafaɗunmu.

Shi kansa bencin yana da dalili. Gidajen farko na unguwar nan irin naku ne, da zaure a gaba, inda maigida ke zama ya karɓi baƙi, almajirai su yi karatu. Da iyali suka yawaita, gari kuma ya cika da masu neman ɗaki, sai zauruka da yawa suka koma ɗakin haya ko shago. Namu ma haka ya zama tun ina saurayi. Hira ba ta mutu ba, fitowa ta yi bakin titi. Matasa suna kiran wurin zamansu bes, kowace da sunanta da tukunyar atayarta, abin da ku za ku ce majalisa ko fada. Mu dattawa benci muke cewa kawai.

To me ya sa zancen rufi ya fi komai yawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku damina ɗaya gare ku, mu biyu: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a watan Yuni, da ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Ga iskar teku mai gishiri tana cin kwano da ƙusa da ƙarfen taga ba dare ba rana. Kwanon da zai daɗe a Katsina bai ko canza launi ba, a nan sai ka ga tsatsa ta huda shi. Fenti yana ɓarewa, bango yana tsotsar danshi daga ƙasa har gishiri ya fito masa fari. Unguwarmu kuma ba ta da nisa da tafkin Korle inda kogin Odaw ke zuba, don haka kwata idan ta toshe ba ƙaramin abu ba ne. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Tun daga lokacin, idan hadari ya haɗu, ba ka jin wanda ke raina maganar yashe lambatu. Abin da ka ji muna gardama a kai ran Alhamis ɗin nan, wane gida ne bai turo yaro aikin gayya ba, asalinsa ke nan.

Amma gyaran gida a wurinmu ba a kan siminti ya tsaya ba. Yawancin gidajen nan gado ne. Wanda ya gina ya rasu tuntuni, gidan ya zama na 'ya'ya da jikoki, wani yana da ɗaki biyu, wata tana da ɗaya, wani yana Jamus ko Amurka ya bar nasa a hannun ɗan haya. Ba a sayarwa, ba a kuma iya rabawa da igiya. Idan rufin ya lalace, wa zai biya? Wanda ruwa ke zuba a kan gadonsa, ko dukan magada? Ɗan haya da ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya (haka ake yi a garin nan, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida), shi zai sayi kwano a cire masa daga haya, ko jira zai yi? Wanda ya samu kuɗi yana so ya ɗora bene a kan nasa ɓangaren, alhali tagarsa za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda mata ke aiki, ya za a yi da shi? Irin waɗannan ake warwarewa a kan benci kafin su kai gaban Sarkin Zango, balle kotu. Akwai birkila a cikinmu, akwai kafinta, akwai mai walda, akwai wanda ya yi aikin gwamnati ya san takardar izinin gini. Kafin shayi ya huce mutum ya san ko bulo nawa zai ci, ko katakon da aka kawo masa ya bushe, ko magininsa na zaluntarsa. Ni a ganina wannan ya fi amfani da yawa daga cikin tarukan da ake yi da kujeru da lasifika.

Babban abin da ya ci mana shekaru shi ne makewayi. Ka gani da idonka, gidaje da yawa ba su da shi, mutane na bin layi a na haya tun da asuba, har da tsofaffi da mata masu ciki. Wannan abu yana yi mini ciwo tun ina yaro. Shekara uku muka yi muna lallashin juna a gidanmu kafin wata gwaggonmu, Allah ya saka mata da alheri, ta yarda ta ba da ɗakin ajiyarta aka mayar ban-ɗaki. Bayan mu gida huɗu a layin sun yi, kuma duk daga hirar yamma abin ya faro.

(Af, na tuna yadda ka zaro ido da ka ji wani dattijo ya ce ya kashe miliyoyi a kan ƙofa. Lissafin tsohon kuɗi ne. A 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Gana, dubu goma ta koma ɗaya, amma har yau bakin mutane bai saki tsohon ba. Miliyan ɗinsa sidi 100 ne.)

Yanzu siyasa, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau, don ita da maganar gida tushensu ɗaya. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firaminista Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. A takarda, marasa izini ake nufi. A zango kuwa, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi irin tamu, tsoro bai tambayi inda aka haifi mutum ba. Ina ƙarami lokacin, amma na girma da labarin a bakin Baba: motocin katako cike da kaya da mata da yara, mutanen da aka haifa a nan suna tafiya ƙasar da ba su taɓa gani ba, gidajen da aka sayar a wulaƙance cikin kwana uku. Ƙanen kakarka na wajen uwa a wannan tafiyar ya koma wurinku. Waɗanda suka zauna sun daɗe ba su yarda su zuba dukiya a gini ba, suna ganin ko yaushe za a iya cewa a tashi. Shi ya sa wasu gidajen suka tsufa haka. Sai a 1983 abin ya juyo, gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan guda suka dawo, cikinsu har da yaran zango da suka je neman kuɗi Legas da Kano. A can an ce musu 'yan Gana, a nan ana ce wa iyayensu baƙi.

Daga nan muka gane cewa wanda bai yi rajista ba, bai jefa ƙuri'a ba, bai san ɗan majalisarsa ba, wata rana wasu za su yanke hukunci a kan rufinsa ba ya wurin. Har yanzu abin bai gama wucewa ba. Lokacin da 'yata ta je karɓar katin ɗan ƙasa, wani ma'aikaci ya dubi sunanta ya ce ta faɗi garinsu na asali. Ta ce Sabon Zango. Ya ce zango ba gari ba ne. Sai da na ɗauko takardun haihuwata da na Baba muka koma tare. Ran nan ba a yi wata hira a benci ba sai wannan.

Saboda tarihin 1969 ne zanguna suka daɗe suna ƙyamar NPP, don daga tsatson jam'iyyar Busia ta fito, suka karkata ga NDC, musamman da yake a zamanin Shugaba Rawlings na NDC aka mayar da ranakun Sallah biyu hutun ƙasa. NPP ta yi ƙoƙarin gyara wannan. Shugaba Kufuor ya ɗauki Musulmi, Alhaji Aliu Mahama, mataimaki daga 2001 zuwa 2009, Shugaba Akufo-Addo ya ɗauki Dokta Bawumia, kuma a 2017 aka kafa asusun raya zanguna da doka. Ka zo lokacin da ake ta tuna zaɓen 7 ga Disamba, 2024, shi ya sa ka ji muryoyi sun tashi. A zaɓen nan Musulmi ne, Bawumia, ya tsaya wa NPP, Kirista, John Mahama, ya tsaya wa NDC, kuma Mahama ya ci da kashi 56 da 'yan kai. Na san wannan zai ba ka mamaki, amma mutanen bencinmu da yawa, masu sallah a sahun gaba, Mahama suka zaɓa, wasu kuma suka tsaya wa Bawumia da zuciya ɗaya. Masu wancan suna kawo tsadar rayuwa da faɗuwar sidi, masu wannan suna tuna musu dumso, wato ɗauke wutar da aka sha fama da ita a mulkin Mahama na farko, suna kuma kawo karatun sakandare kyauta. Abin da dukansu suka yaba shi ne Bawumia ya amince da kaye washegari, tun kafin hukumar zaɓe ta gama sanarwa. Ni ina da nawa ra'ayi kuma ban ɓoye shi, amma wanda na fi yin musu da shi, shi ne ya riƙe mini tsani ranar da na hau duba rufi.

Ka lura kuma, mutumin da aka fi kama sunansa ba shugaban ƙasa ba ne. Wakilin unguwa ne a majalisar ƙaramar hukuma, kamar kansilanku, sai dai a nan doka ta hana a tsaya wannan takara da tutar jam'iyya. Shi ake tarewa a kan fitilar titi da kwandon shara da famfo. Gidansa sananne ne, ba shi da wurin ɓuya.

Zama da masu gari ma yana shigowa hirar. Kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na Homowo. Mai shirin aurar da 'ya sai ya duba wannan kafin ya sa rana, masallatai ma suna sassauta lasifika. Ba addininmu ba ne, amma filin kakanninsu aka ba kakanninmu. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a nan Akra ya gaishe su. An yi ta magana a kai, har a cikinmu akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba, amma mafi yawa sun fahimci abin da tsohon yake kiyayewa.

Maganar fita yawo ba ta da tsawo. Gidajenmu a cushe suke, yaro ba shi da filin da zai yi gudu sai lungu. Shi ya sa bayan an sauko daga Idi, an kalli hawan dawaki a unguwar Nima, washegari ake haɗa kuɗi a ɗauki shatar torotoro, wato ƙaramar bas ɗinmu ta haya. Matasa bakin teku suke so, Labadi. Iyaye da yawa ba sa so, saboda igiyar ruwa na da haɗari ga wanda bai iya ba, ga kuma shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Gardamar da ka ji ke nan, kuma kowace shekara sai an yi ta. Galibi a kan daidaita a kan lambun Aburi da ke kan tsauni, wanda aka buɗe tun 1890, akwai inuwa da sanyi da wurin shimfiɗa tabarma a yi sallah. Wasu kan kai yara babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. Ni burina shi ne wata shekara mu yi doguwar tafiya zuwa Salaga, yara su ga tsofaffin rijiyoyin garin da ayarin Hausawa ke sauka sayen goro, su san ta inda aka bi aka zo.

Ka ce kuma Hausarmu ta ba ka dariya, muna ce wa mace ya zo, muna cakuɗa ta da Turanci da Tuwi da Ga. Gaskiya ne, haka take a bakin yaranmu. Amma ita ce harshen da Badagombe da Bazabarme da Bamoshe da Bakotokole ke sayen gishiri da shi a unguwar nan, kuma da ita ake sasanta rikicin rufin da na ba ka labari. Ni da nake rubuto maka da irin taku, a hannun Baba da littattafai na koya, ina kuma ƙoƙarin koya wa jikoki.

Labarin Najeriya muna ji, rediyo na nan, waya na nan. Idan an yi rashi ko an shiga tashin hankali a wajenku, a masallacinmu ake yin addu'a, kuma ka san ba a taɓa yin wata hidima a gidanku ba mu aiko ba. Ka gaya wa Inna magada sun amince za a sauya kwanon ɓangaren gabas kafin ruwan Afrilu, har da ɗakin da ka kwana. Kason mahaifinku yana cikin gidan nan, don haka lissafin zai zo muku ku ma. Zan turo maka hoton takardar da kafinta ya rubuta, ka nuna wa yayanku, in akwai abin da bai gamsu da shi ba ya kira ni bayan isha'i. A gaida kowa da kowa.