Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Laimar Kwaɗi Mai Sa Maye

Wani ɗalibi daga Harobanda: Likita, da gaske ne Turawa suna magani da ita?

Tun 2023 ƙasar Ostareliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba masu matsananciyar damuwa sinadarinta, silosaibin, amma a asibiti, a gaban idonsu. Wanda taɓin hankali yake cikin danginsa kuwa, tana iya tayar masa da shi.

Wani matashi daga Yantala: Idan na noma ta a gida fa?

Kada ka fara, ɗana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa sinadarin cikin miyagun ƙwayoyi, ga kuma funfuna da ke kama abin da aka noma a ɗaki.

Wata uwa daga Talladje: Yarona ya tsinto ta a kan kashin shanu bayan ruwan sama, ya ci, ya kwana yana amai da sambatu. Na ba shi manja da nono, yanzu ya samu sauƙi. Sai na kai shi asibiti?

Hajiya, ki kai shi yau, kada ki jira gobe. Mayen silosaibin yana farawa cikin kamar rabin awa, ya wuce bayan awa 4 zuwa 6, amma ni da ke ba mu san irin da ya ci ba, domin akwai masu dafi da suka yi kama da ita ƙwarai, har masana sukan ruɗe. Mafi muni su ne masu lalata hanta: ba sa nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya yi amai da gudawa, sannan ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa tana mutuwa, kwana uku ko huɗu idanu su yi ɗorawa. Saboda haka wannan sauƙin da kika gani shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Batun manja da nono kuwa, wallahi na gaji da maimaita shi. Ba sa karya dafi, kuma ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa abu yana iya sa ya shiga huhunsa. Dafawa ko shanyawa ma ba sa kashe wannan dafi, haka nan ganin akuya ta ci ba shaida ba ce.

Ki tafi da shi Babban Asibitin Ƙasa na Yamai a gwada jininsa a duba hanta da ƙoda, ki riƙe ragowar abin da ya ci a cikin takarda, ki faɗa musu lokacin da ya ci shi, ba tare da jin kunya ba. Idan da abokai suka ci, a sanar da iyayensu su ma su kawo su yau.