Tsohuwar Boler a bayan gida: a gyara a sayar, ko a ba da haya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada. Ina aiki a wani sito, a gefe kuma ina taɓa saye da sayar da kayan gwanjo a Facebook Marketplace da Kijiji. Na ci karo da wata tsohuwar ƙaramar tirelar kwana ta faiba (fiberglass), samfurin Boler ta 1974 mai ƙafa 13, an jingine ta a bayan gida shekara da shekaru. Mai ita ya yanka mata dala 4,500. Na ga waɗanda aka gyara ana sa musu 12,000, wasu kuma na ba da hayarsu dala 100 a dare. Ina da dala 6,000 a ajiye, in ya so in cike da katin bashi. In gyara in sayar, ko in riƙe ina ba da haya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka. Idonka bai ruɗe ka ba, kayan na da kasuwa, kuma 'yar garinku ce. A Winnipeg ɗin nan wani mai sayar da motoci, Ray Olecko, ya fito da Boler a 1968 tare da wani gwanin aikin faiba, Sandor Dusa, aka yi ta ƙera ta har 1988. Jikinta ɓari biyu ne, na sama da na ƙasa, kamar ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, sai ɗamarar da ta haɗa su a tsakiya. Sa'o'inta masu ƙashin katako da fatar alminiyon yawanci sun ruɓe tuni, ita kuwa faiba ba ta ruɓa, ba ta tsatsa. Nauyinta wajen rabin tan ne, ba sai da babbar mota za a ja ta ba. Tirelolin Trillium ta Ontario da Scamp ta Minnesota duk sawunta suka bi. A 2018 da ta cika shekara 50, masu irinta sun yi gangami a Winnipeg daga sassan Kanada da Amurka. Mai saye dai ba za ka rasa ba.

Damuwata ita ce inda dala 6,000 ɗinka za ta tafi. Duk wanda ya ga tirelar nan, labule da fenti da kushin ne ke fara zuwa masa a rai, alhali abin da ke cin kuɗi yana ƙarƙashinta. Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka taya, je ka da jak, da tocila, da sukundireba, da kwalin da za ka shimfiɗa ka kwanta.

Jikin faiba ne, amma shasin ƙarfe ne, kuma siririn ƙarfe mai shekara 50. Haska gaba, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin jiki, domin nan ya fi tsagewa. Ka soka sukundireba a duk inda tsatsa ta yi ɓawo. In ta tsaya, tsatsar fata ce, buroshin ƙarfe da fenti sun ishe ta. In ta lume, ka san sai an ɗaga jikin gaba ɗaya, mai walda ya ɗaura sabon shasi, kuma wannan kaɗai na iya cinye ribar da kake hange. Dubi notunan da suka riƙe jiki da shasi ma, sau da yawa kansu yana nan lafiya, cikinsu ya zama zare.

Sai aksul. Waɗannan tireloli ba su da sifirin irin na mota, roba ce a cikin bututun aksul ɗin ke shanye gargada. Ɗaga gefe ɗaya da jak ka zuba wa tayar ido. In ta ɗan sauko ƙasa yayin da jiki ke tashi, robar na da sauran rai. In ta bi jikin sama a sandare, ta mutu, kuma ba a gyara ta, sai dai sabon aksul. Ni dai a tirelar 1974, muddin ba a nuna mini rasit ɗin canji ba, matacce nake lissafa shi. Tayoyi kuwa kada zanensu ya yaudare ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta tun ba ta goge ba. A gefenta akwai lamba da ta fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2317 na nufin mako na 23 a 2017. In alƙaluma uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta. Kada ka hau babbar hanya da tirelar sai an buɗe boris an sa sabon giris.

Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙa kafin ka shiga. Hanci ya fi ido saurin gano ruwa. Ruwa ba ya ratsa faiba, ta hudojin da aka yi mata yake bi: tagogi, da murfin iska na sama, da kusoshin ribit da suka riƙe kabad. Danna ƙasa da duk inda katako yake, musamman ƙarƙashin kujeru. Ƙofar Boler kuma ta shahara da ciwo guda, cikinta na shan ruwa har ta saki lanƙwasarta, sai ka ga ƙasanta ya buɗe baki, hannu na shiga. Ana gyarawa, amma aikin haƙuri ne. In ka ga an lafta silikon a bakin tagogi, wani ne ya yi gyaran ganin ido. Silikon ba ya tare ruwa na dogon lokaci a nan, kuma bayansa babu abin da ke kamawa sai an kankare shi tas. Gyaran gaske shi ne a cire tagar, a sa tef ɗin butil, wato tef ɗin roba mai danƙo da ke tare ruwa, a mayar.

Duk aibin da ka gani, rubuta shi, ka nemi farashinsa a wajen mai walda da masu sayar da kayan tirela, sannan ka koma wa mai ita da takardar a hannu. Da ita za ka yi tayi. Ka tabbata lambar jikin tirelar ta dace da ta takarda, ya rubuta maka shaidar sayarwa, ka kuma bincika a rajistar kadarori ta Manitoba ko akwai bashi a kanta. Ranar da za ka yi mata rajista a wajen wakilin Autopac, wato inshorar motoci ta gwamnatin Manitoba, harajin lardi na kashi 7 cikin 100 yana jiranka.

Yanzu mu yi lissafi da alƙalumanka. In ka biya 4,500, haraji 315 ne. A ce kayan gyara sun ci 3,000, kuma wannan in shasi ya yi maka adalci ke nan. Ka kai 7,815, ka riga ka zarce jarinka da wajen 1,800. Shi 12,000 da ka gani kuɗin da aka yanka ne, ba wanda aka sallama ba. Bi tallan nan na 'yan makonni ka ga waɗanne ke ɓacewa, waɗanne ke kwantai ana rage musu. A ce ka sayar 10,000, ribarka wajen 2,200. Raba ta da awa 200 na kankara da goga, za ka samu dala 11 a awa, ƙasa da mafi ƙarancin albashin Manitoba da ya haura 15. Wato a 4,500, ƙarin awowi a sitonku sun fi ta. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ne kawai in ka saye ta da rahusa sosai, ko in ka iske shasi da aksul lafiya.

Katin bashi kuwa ajiye shi. Ban da maganar kuɗin ruwa da ka sani a addini, yawancin katunan nan kusan kashi 20 cikin 100 suke ɗorawa a shekara, ga shi kayan zai kwanta maka watanni kafin ya motsa. In jari bai kai ba, jira ɗaukar adashinka, ko ka nemi abokin tarayya, musamman wanda ya iya walda ko yake da gareji, ku rubuta rabon tun farko.

Garejin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan faiba ba ya bushewa yadda ya kamata a ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka, fenti ma haka, kai kuma garinku na kaiwa 30 ƙasa da sifili a Janairu. Tsarin kasuwar shi ne a saya a Satumba ko Oktoba, lokacin da masu ita ke gudun kuɗin ajiya, a gyara da hunturu, a fitar a farkon Mayu ran da kowa ke ɗokin fita daji. Ba ka da wuri mai ɗumi, aikin zai faɗo maka a bazara, ka gama kasuwa ta watse.

A wajen kayan ciki, riƙe hannunka. Kada ka fasa kabad da kicin don ka faɗaɗa wuri, su ke tallafe da rufin, in aka cire su sai ya lotsa. Soson da aka manna a bango, Ensolite, in bai saki ba wanke shi ka shafa fenti, ɓare shi wahala ce marar lada. Jikin waje in dusashewa kawai ya yi, gwada gogewa da man sheƙi kafin ka yi tunanin fenti. Masu neman Boler tsufanta suke saye, kuma kowa da launin da yake so, don haka duk adon da ka ƙara don ranka, kai za ka biya. Abin da ke dawo da kuɗinsa kaɗan ne: sabon wayarin, fitilun LED, batir, ƙila da sola mai wat 100, da sabon soso da rigar kushin. In akwai mai keken ɗinki a gida, nan ka rage kashewa sosai. Bututun gas da murhu da firji kuwa ba wurin koyo ba ne. Kira mai lasisi ya gwada, ka sa na'urar jin warin gas da ta hayaƙi mai guba, domin mutane za su kwana da 'ya'yansu a ɗakin da tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba. Ɗauki hoton kowane mataki, tara rasit a fayil ɗaya, abin da ba ka gyara ba kuma ka faɗa wa mai saye da bakinka. Fayil ɗin nan ya fi fenti ɗaga farashi.

Haya ban ba ka shawararta yanzu ba. Kakar fita daji a Manitoba daga tsakiyar Mayu take zuwa farkon Satumba, mako 15 ko 16. In Allah ya ba ka sa'a aka ɗauka a hutun ƙarshen mako har sau 10, dare bibbiyu, ka samu 2,000. Shafukan ba da hayar tirela, RVezy ko Outdoorsy, za su cire la'adarsu, ga wanki bayan kowane baƙo, ga ajiyar wata takwas, ga inshora, domin ta amfanin kai yawanci ba ta rufe haya. Sannan wanda bai taɓa jan tirela ba zai ɗauki kayan shekara 50 ya nufi wuraren shaƙatawa na Grand Beach ko Riding Mountain, ƙofa ta ƙi rufuwa da tsakar dare, wayarka za a kira. Gyara guda ka sayar tukuna, ka ga ainihin abin da ta ci da abin da ta bari. Ribar kuma ka sa ta a takardar harajinka ta shekara, tunda saye don sayarwa kasuwanci ne a wurin hukumar haraji ta Kanada. Rajistar GST, wato harajin sayar da kaya na tarayya, ba ta zama tilas sai cinikinka ya wuce dala 30,000 a cikin wata 12.

In shasi ya tsaya kuma takardu sun cika, fara tayi daga 3,000, kada ka wuce 3,500. In sukundireba ta lume, ko dai farashin ya sauko da cikakken kuɗin sabon shasi, ko ka yi masa godiya ka tafi. Ranar ɗauka ka auna bakin da ake haɗa tirelar da mota, domin tsofaffin nan da yawa ƙwallon inci 1 da 7/8 suke hawa, ba mai inci 2 da ke bayan yawancin motoci ba.